Ido da Zuciya: Alaƙar Gajeren Gani da Lafiyar Tunanin Ɗalibi

Ranar Alhamis, 10 ga watan Oktoba na shekarar 2024, wasu ranaku biyu na duniya sun haɗu wuri guda. Ranar Gani ta Duniya, wadda ake yi a Alhamis ta biyu ta kowane watan Oktoba, ta faɗo daidai da Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, wadda ita kuma ba ta gusawa daga goma ga wata. Lissafin kalanda ne kurum ya haɗa su, to amma haɗuwar ta dace da wata tambaya da likitocin ido da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna jujjuyawa. Shin akwai dangantaka tsakanin idon da ba ya gani sosai daga nesa da zuciyar da ta rasa sukuni? Idan akwai, wanne ne ke jawo wani?

Tambayar ba ta masu bincike kaɗai ba ce. Ta shafi malamin da ke tsaye gaban allo a Bebeji ko Ƙiru, ta shafi ɗalibar da ke zaune a bencin baya a Tudun Wada ko Doguwa, wuraren da likitan ido yake da nisa, kuma ba kasafai ake gwada ganin yaro kafin a sa shi makaranta ba.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a daidaita kalmomi. Likitoci suna kiran wannan matsala mayofiya, kalmar da ta samo asali daga Girkanci, tana kuma nuni ga yadda mai ita ke ƙanƙance ido idan yana son ya ga abu mai nisa. Wasu masu fassara kan ce rashin hangen nesa, amma wannan bai yi ba, domin a wurin Bahaushe marar hangen nesa shi ne wanda ba ya tunanin gobe, ko da kuwa idonsa ya fi na shaho kaifi. Saboda haka a wannan maƙala za a kira ta gajeren gani. Ba ita ce dundumi ba, wanda ke hana gani da dare. Ba yana ba ce, ba kuma raunin ganin kusa ba ne da ke samun mutum idan ya haura shekara arba'in. Haka nan idan an ce lafiyar ƙwaƙwalwa ko lafiyar tunani, kada hankalin mai karatu ya tafi ga mahaukacin da ke yawo a kasuwa. Abin da ake nufi a nan shi ne ciwon damuwa, wato baƙin ciki mai daɗewa da ke kashe wa mutum jiki da sha'awar komai, da kuma fargaba mai yawa wadda ba ta barin zuciya ta kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta tunani.

Yadda gani ke gajarta

Haske kan shiga ido ta koniya, wani tantani garai-garai da ya lulluɓe baƙin ido, ya ratsa ƙofar da ke tsakiya, sannan ya bi ta cikin lens, wanda shi kuma kamar ɗan gilashi ne na halitta mai tudu a tsakiya. Waɗannan biyu su ke lanƙwasa hasken su tara shi a kan retina, shimfiɗar jijiyoyin da ke bangon ido na baya, daga nan jijiyar gani ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Duk ɗalibin da ya taɓa tara hasken rana da gilashin ƙara girma har takarda ta kama hayaƙi, ya san cewa a tazara guda tak hasken ke haɗuwa ya zama ɗigo mai kaifi. Da zarar an ja takardar baya kaɗan, sai ɗigon ya baje. To, abin da ke faruwa ke nan a idon mai gajeren gani. Ƙwayar idonsa ta yi tsawo fiye da kima daga gaba zuwa baya, hasken abu mai nisa ya riga ya haɗu kafin ya isa retina, sai ya iso ta a baje, mutum ya riƙa gani dishi-dishi.

Tsawon idon jariri kimanin milimita 17 ne, na babban mutum kuwa kimanin milimita 24. Idan girman ya zarce da milimita ɗaya kacal, ya isa ya haifar da gajeren gani na dayofta biyu da rabi zuwa uku. Dayofta ita ce ma'aunin ƙarfin gilashi, kuma akwai wani lissafi mai sauƙi da ke tattare da ita: idan aka raba 100 da yawan dayoftar mutum, za a sami iyakar santimitar da yake gani tangaran. Mai dayofta 2 ganinsa mai kyau ya tsaya a santimita 50, mai dayofta 4 a santimita 25. Duk abin da ya wuce nan, hazo ne.

A nan ne tarkon yake. Littafi yana cikin santimita talatin ko arba'in, saboda haka yaron yana karanta shi sarai. Allo kuwa yana can mita biyar ko takwas. Idon ba ya ciwo, ba ya ja, ba ya kwantsa, babu abin da uwa za ta gani ta ce a tafi asibiti. Shi kansa yaron, da yake abin a hankali yake zuwa, yakan ɗauka kowa ma haka yake gani. Matsalar takan fara ne a shekarun firamare ko farkon sakandare, ta yi ta ƙaruwa har zuwa wajen shekara ashirin. Maganinta na kusa shi ne tabarau mai kwarmi a tsakiya, wanda ke ɗan baza haske kafin ya shiga ido domin ya haɗu daidai kan retina. Tabarau yana gyara gani, amma ba ya mayar da ido gajere. Wanda nasa ya kai dayofta biyar ko shida zuwa sama yana bukatar likita ya riƙa duba shi, domin idon da ya miƙe da yawa ya fi saurin kamuwa da ɓallewar retina da hawan jinin ido.

Dalilin da ya sa take yaɗuwa

A da an ɗauka gado ne kawai. Gado yana da nasa rabo, amma a shekarar 1969 wani bincike a Alaska ta Amurka ya girgiza wannan fahimta. Cikin manya 131 na mutanen Inuwit da suka tashi a ƙauyukansu na asali, biyu ne kawai ke da gajeren gani, alhali fiye da rabin 'ya'yansu da jikokinsu, waɗanda suka shiga makarantar zamani, suna da shi. Jini ba ya sauyawa cikin ƙarni guda. Rayuwa ce ta sauya. A biranen gabashin Asiya abin ya zama annoba: wani bincike da aka buga a 2012 ya sami gajeren gani a kashi 96.5 cikin ɗari na samari 'yan shekara 19 a birnin Seoul na Koriya ta Kudu. A 2016 masanan cibiyar Brien Holden ta Ostireliya suka ƙiyasta cewa masu matsalar, waɗanda suke kimanin biliyan 1.4 a shekarar 2000, za su kai kusan biliyan 4.8 a 2050, wato rabin mutanen duniya.

An daɗe ana ɗora laifin a kan yawan karatu, kuma lalle daɗewa ana ƙura wa abu na kusa ido yana da hannu a ciki. Sai dai a 2008 Kathryn Rose da abokan aikinta suka kwatanta yara 'yan asalin Sin masu shekara shida zuwa bakwai a birane biyu. A Sydney kashi 3.3 ne ke da gajeren gani, a Singafo kuwa kashi 29.1. Abin mamaki, yaran Sydney sun fi karanta littattafai. Bambancin shi ne suna yin kusan awa 14 a waje kowane mako, na Singafo kuwa awa uku. Daga baya aka jarraba abin a makarantun birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda aka ƙara wa wasu yara minti 40 a waje kullum. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa bayan shekara uku kashi 30.4 daga cikinsu ne suka kamu, a kan kashi 39.5 na waɗanda ba a ƙara wa ba.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa haske mai ƙarfi yana sa retina ta saki wani sinadari mai suna dofamin, shi kuma yana taka wa tsawon ido birki. An ga haka a gwaje-gwajen da aka yi da 'yan tsaki. Hasken da ke gindin darbejiya da hantsi kan kai luks dubu goma, na filin Allah ya kai dubu ɗari, alhali na cikin aji sau da yawa ba ya wuce ɗari biyar.

Afirka ba ta kai wannan hali ba. Wani nazari na 2022 da ya tattara binciken da aka yi a makarantun nahiyar ya sami kashi 4.7 cikin ɗari, kuma adadin ya fi yawa a tsakanin 'yan sakandare. A karkara yakan yi ƙasa da na birni. Duk da haka, idan aka ɗauki wannan ƙiyasi aka auna, ajin da ke da ɗalibai sittin zai iya ƙunsar biyu ko uku da ba sa ganin allo.

Abin da bincike ya gano game da zuciya

A 2022 mujallar likitocin ido ta Amurka mai suna Ophthalmology ta buga wani nazari da ya haɗa bincike 36 daga ƙasashe daban-daban. An gano cewa yara masu raunin gani, musamman masu gajeren gani, sun fi takwarorinsu nuna alamun damuwa da fargaba. An kuma ga cewa yara masu harara-garke da aka yi wa aiki ido ya daidaita, alamun sun ragu a wurinsu.

To amma a nan ɗalibin kimiyya zai taka a hankali. Ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Da hunturu cinikin man kaɗe yakan ƙaru, mura ma takan yawaita, amma ba wanda zai ce man kaɗe ne ke kawo mura. Sanyi da ƙura ne suka taso da su duka biyun. Akasarin waɗancan bincike a lokaci guda suka auna ido da tunani, ba su bi yaran shekara da shekaru ba, don haka ba za su iya nuna wanne ya riga wani ba. Abin da ya rage shi ne a duba hanyoyin da alaƙar za ta iya bi. Hanyoyi uku ake zato, kuma ƙarfin hujjarsu ba ɗaya ba ne.

Daga ido zuwa zuciya

Wannan ita ce hanyar da ta fi fitowa fili, kuma babu wani sirrin sinadari a cikinta. A ɗauki misalin yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, mai dayofta uku, wanda tsayinsa ko kunyarsa ta kai shi bencin baya. Malamin lissafi yana warware tambaya a kan allo mataki-mataki, shi kuwa farin alli kawai yake hange. Yana jin bayani, amma lissafi ba a koyonsa da kunne. Ya leƙa littafin na kusa da shi don ya kwafa, a ce yana surutu. Ranar gwaji, idan a allo aka rubuta tambayoyi kamar yadda ake yi a makarantu da dama, leƙen nan ya zama satar amsa. Aka ce ya tashi ya karanta abin da ke allo, ya yi tsuru-tsuru, aji ya fashe da dariya. Kafin zango ya ƙare ya sami suna: daƙiƙi, ko malalaci. Mafi muni shi ne ya yarda da sunan, tun da bai san akwai wani dalili ba.

Abin bai tsaya a aji ba. A ƙasar Hausa gaisuwa ita ce ma'aunin tarbiyya, ana kuma son yaro ya hango babba tun daga nesa ya rusuna. Wanda ba ya gane fuska sai an zo dab da shi zai wuce kawunsa a bakin masallaci, ya wuce gwaggonsa a hanyar rijiya, ƙara ta iso gida cewa boko ta sa masa girman kai. A filin ƙwallo ba a son sa a ƙungiya. Idan an tura shi kiwo, akuya ta ɓace masa alhali tana gabansa. Ranar duban jinjirin wata kowa yana nunawa da yatsa, shi kuwa sai dai ya ce ya gani don kada a yi masa dariya. Ɗaya bayan ɗaya ƙananan abubuwa ne, amma yaron da ke kwana yana tashi da su yakan koyi janye jiki daga mutane, ya riƙa jin faɗuwar gaba duk safiyar makaranta, wani ma ya fara fashi. Waɗannan kuwa su ne ainihin alamun da masu bincike ke ƙirgawa a matsayin fargaba da damuwa.

Idan haka ne, ashe tabarau zai warware komai? An gwada. A yankunan karkara na Gansu da Shaanxi a ƙasar Sin, an bi makarantun firamare 252 aka auna yara kusan dubu ashirin. Sama da dubu uku ne ke bukatar tabarau, kuma kashi 15 cikin ɗari ne kawai suke da shi. Aka raba makarantun ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su tabarau kyauta. Rahoton 2014 ya nuna cewa makin lissafin waɗanda aka ba ya ɗaga. Amma da aka dubi ɓangaren tunani, a wani rahoto na 2018, sai sakamakon ya zo da sarƙaƙiya. A jimlace sauyin kaɗan ne. Yara masu naci a karatu fargabarsu ta ragu. Waɗanda ba su cika karatu ba kuwa fargabarsu game da makaranta ƙaruwa ta yi, kuma su ne suka fi kai ƙarar cewa ana tsokanarsu. Tun a 2005 wani bincike a kan yara sama da dubu shida a yankin Bristol na Ingila ya nuna cewa masu sa tabarau sun fi sauran fuskantar cin zali da kimanin kashi 35 cikin ɗari.

Wannan darasi ne babba. Gilashi yana gyara haske, amma ba ya gyara bakin 'yan aji. Yaron da aka kira makaho ko tsoho, ko aka ce iyayi ne ya sa shi sa tabarau, zai cusa shi a aljihu ya koma cikin hazonsa. Ga kuma camfin da ya zama ruwan dare, cewa tabarau yana cinye ido, wanda ya fara sa shi ba ya rabuwa da shi. Gwajin na Sin ya bibiyi wannan ma, bai ga tabarau ya raunana idon yaran ba. Wani gwaji a Malesiya a 2002 ya nuna cewa yaran da aka rage wa ƙarfin tabarau da gangan, nasu gajeren ganin ya fi saurin ƙaruwa. Abin da ke rikita mutane shi ne idon yaro yana ci gaba da tsawo ko da tabarau ko babu, kuma wanda ya ɗanɗani gani tangaran ba ya ƙara yarda da dishi-dishi.

Tushe guda, rassa biyu

Hanya ta biyu ita ce irin ta hunturu da aka ambata. Zaman ɗaki, ƙarancin hasken rana, rashin motsa jiki, daɗewa a kan waya da dare da matsin jarrabawa, kowannensu yana taɓa ido yana kuma taɓa tunani. Hasken da ke shiga ido ba gani kaɗai yake bayarwa ba, shi ne ke saita agogon jiki, ya gaya wa ƙwaƙwalwa lokacin barci da na farkawa. Wani bincike na 2023 a kan manya kusan 87,000 a Birtaniya ya gano cewa masu samun haske sosai da rana haɗarin ciwon damuwa ya ragu a wurinsu da kimanin kashi 20, masu shan haske da dare kuwa ya ƙaru da kimanin kashi 30. Kullen korona na 2020 ya zama tamkar gwaji a kan duniya baki ɗaya. A Feicheng ta ƙasar Sin, inda ake auna idon yara duk shekara, gajeren gani a tsakanin 'yan shekara shida ya kai kashi 21.5 a 2020, alhali bai taɓa wuce 5.7 ba a shekaru biyar da suka gabata. Daga baya kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wannan shekarar damuwa da fargaba sun ƙaru da kimanin kashi 25 a duniya.

Ta wannan fuska yaran kudancin Kano suna da wata garkuwa da kuɗi ba ya saye. Wanda ke taya mahaifinsa aikin shinkafa a Tudun Wada, ko noman masara a Doguwa, ko su a bakin madatsar ruwa ta Tiga, yana samun hasken da gwamnatin Taiwan sai da ta kafa shiri na musamman a 2010 kafin yaranta su sami awa biyu na irinsa a rana. Sai dai garkuwar ba ta rufe kowa ba. Ɗalibin kwana da ke fita daga aji zuwa darasin yamma zuwa karatun dare, da yarinyar da daga makaranta sai Islamiyya sai cikin ɗaki, da ajin da aka rufe tagoginsa na ƙarfe saboda ƙura, duk sun fara kama hanyar birni. Wayar hannu ta shiga kowane ƙauye, jarrabawar shiga jami'a ma tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta. Karatu dole ne, ba shi ne abin zargi ba. Abin zargi shi ne cinye lokacin tara da ƙarin darasi.

Daga zuciya zuwa ido

Hanya ta uku ita ce mafi rauni. A 1920 wani likita a New York, William Bates, ya yi da'awar cewa takurar tunani ce ke kawo gajeren gani, kuma motsa ido da kwantar da hankali za su sa a jefar da tabarau. Har yau ana tallar irin wannan a intanet, amma gwaji bai gaskata shi ba, kuma babu hujjar cewa damuwa tana ƙara wa ƙwayar ido tsawo. Abin da aka sani shi ne, tsokar da ke matsa lens don ganin kusa takan ɗaure ta ƙi saki, musamman ga matashin da ya daɗe a kan littafi yana cikin zullumi, sai ganin nesa ya dushe na ɗan lokaci. Wannan gajeren gani ne na ƙarya, shi ya sa likita ke ɗiga wa yaro maganin da ke sakin tsokar kafin ya auna shi. Wasu magunguna ma suna taɓa gani. Topiramate, da ake bayarwa don farfaɗiya, yakan jawo gajeren gani farat ɗaya ga wasu, wanda ke bukatar komawa asibiti nan take. Benzhexol, ƙwayar da wasu matasa ke sha ba bisa ƙa'ida ba da sunan Exol, tana dusar da ganin kusa.

Aikin malami

Ƙwararrun ido sun fi taruwa a birni: Asibitin Ido na ECWA da ke Sabon Garin Kano, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ga mutumin Ƙiru ko Bebeji, da ya fito Kwanar Ɗangora ya hau titin Kano zuwa Zariya. Ga na Riruwai kuwa, wanda sai ya ratsa dajin Falgore mai nisan kimanin kilomita 150 daga Kano, tafiyar yini ce da kuɗin mota mai nauyi. Ba uban da zai yi wannan tafiya a kan zato. Saboda haka tantancewar farko a makaranta ya kamata a yi ta, kuma ba ta bukatar na'ura.

Tun 1862 likitan nan na Holan, Herman Snellen, ya tsara ma'aunin da ake amfani da shi. A sami farin kwali a zana harafin E da baƙin alƙalami, tsayinsa da faɗinsa milimita 17 da rabi, kaurin kowane layi da kowane gibi milimita uku da rabi. A auna mita shida a wuri mai haske. Ɗalibi ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da ya danna ba, malami ya riƙa juya kwalin, shi kuma yana nuna inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Wanda bai ci huɗu cikin biyar ba da kowane ido, ganinsa bai kai matakin da likitoci ke kira 6/12 ba. Daga nan a huda wani kwali da allura, huda mai faɗin kamar milimita ɗaya, ya leƙa ta ciki. Idan harafin ya fito, alama ce mai ƙarfi cewa tabarau zai yi masa amfani, domin ƙaramar huda tana tace hasken da ke bajewa. Idan bai fito ba, wata larurar ce, kuma ta fi bukatar gaggawa. Ko wanne ne, a rubuta wa iyaye takarda. Wannan gwaji ba ya kama kowace matsala. Mai ciwon kai ko ruwan ido lokacin karatu shi ma a tura shi ko da ya ci.

A ja kunnen iyaye game da tabaran da ake kasawa a kasuwa. Yawancinsa na karatu ne, mai tudu a tsakiya, wanda aka yi don dattawa, kuma ƙara dagula ganin nesa zai yi wa mai gajeren gani. Kafin a samo na gaskiya, a dawo da ɗalibin bencin gaba, a ƙara girman rubutu a allo, a riƙa faɗin abin da ake rubutawa.

Sa'an nan kada a jingina kowace damuwa ga ido. Ɗalibin da ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ya daina abin da yake so, barcinsa da cin abincinsa suka rikice, balle a ji yana ambaton gara ya mutu, wannan likita yake bukata ba tare da jinkiri ba, ko idonsa lafiya ko ba lafiya. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta nuna wa irin waɗannan marasa lafiya wariya.

Ranar da ɗalibi ya fara shigowa aji da tabarau, ita ce ranar da aka fi bukatar malami. Minti biyar na bayani a kan yadda gilashi mai kwarmi ke baza haske, da barin 'yan aji su leƙa ta hudar kwali su ma, ya kan mayar da abin dariya ya zama darasin fiziks. Malamin da shi ma yake sa tabarau ya fi kowa dacewa da wannan aiki. Bayan mako biyu a duba ko tabaran yana fuska ko yana aljihu, idan yana aljihu a tambayi dalili a keɓe. Sai kuma a sake gwajin a farkon kowace shekarar karatu, domin tabaran da ya yi wa yaro daidai a aji ɗaya ba lalle ne ya kai shi aji uku ba.